Me ya sa rigar fada take canza kala? Fashin baƙi kan launuka da lokutan shekarar ikilisiya

Duk wanda ya saba shiga cocin Katolika ko Angilikan ko Lutaran ko Metodis, in dai yana lura, zai ga wani abu yana ta maimaita kansa duk shekara. Wata Lahadi ka tarar da fada cikin koriyar riga, bagade ma an lulluɓe shi da koren ƙyalle, a yi ta tafiya haka watanni, sai kwatsam wata rana ka shigo ka ga komai ya koma shunayya, bayan 'yan makonni ya koma fari tas, can kuma sai ja na rana ɗaya tak. Mutane da yawa suna ɗauka ai fada ne yake buɗe akwati ya ɗauko wadda ta yi masa, ko kuma ado ne kawai. Toh gaskiya akwai tsari a ciki, kuma tsarin ya daɗe. Kalanda ce ake karantawa da ido, wanda bai iya karatu ba ma in ya shigo ya ga kalar zai san inda aka tsaya a labarin Yesu Almasihu.

Abu na farko da ya kamata mu gane shine shekarar ikilisiya ba 1 ga Janairu take farawa ba. A cocin yamma, wato Katolika da waɗanda suka fito daga jikinta, shekara tana farawa ne ranar Lahadi ta huɗu kafin Kirsimeti, wadda kullum take faɗowa tsakanin 27 ga Nuwamba da 3 ga Disamba. Kuma duk shekarar tana rataye ne a kan ginshiƙai biyu, Kirsimeti da Ista, wato idin tashin Yesu daga matattu. Kowanne yana da lokacin shiri kafinsa, sannan lokacin murna, sannan a dawo rayuwar yau da kullum. Shiri shunayya, murna fari, yau da kullum kore, ja kuma yana shigowa ne jefi-jefi. In ka riƙe wannan ka riƙe kusan komai, sauran duk bayani ne.

Amma bari in faɗi wani abu tun yanzu don kar a ce na ɓoye. Babu inda Littafi Mai Tsarki ya ce a sa kore ranar kaza a sa shunayya ranar kaza. A Fitowa sura 28 dai an bayyana tufafin Haruna da zinariya da shuɗi da shunayya da mulufi da lallausan lilin, amma wancan tsari ne na firistocin Isra'ila, kuma ba ya canzawa da lokaci. Shugabannin ikilisiya na farko kayan da kowa ke sawa a daular Rum suke sawa. Har ma a shekarar 428 Paparoma Selestin na ɗaya ya rubuta wa bishop-bishop na yankin da yanzu ake kira Faransa yana yi musu faɗa kan sa tufafi na daban, yana cewa koyarwa da hali su ya kamata su bambanta su da jama'a. Abin da ya faru shine, duniya ta canza salon ɗinki, coci kuma ta riƙe tsohon, sai tsohuwar rigar tafiya ta Rumawa ta zama babbar rigar da fada ke ɗorawa a sama yau. Maganar kaloli sai can baya ta zo. Paparoma Inosent na uku, wanda ya hau a 1198, kafin hawansa ya rubuta yadda ake yi a birnin Rum, ya lissafa kaloli huɗu: fari, ja, baƙi da kore, shunayya kuma a lokacin kamar ƙanwar baƙi aka ɗauke ta. Ko bayan haka kowane yanki yana yin nasa, wasu coci-cocin ma kawai rigar da ta fi kyau suke ajiyewa don babban idi ko wace kala ce. Sai a 1570, bayan babban taron shugabannin Katolika a garin Tirent, Paparoma Piyus na biyar ya fitar da littafin sujada ɗaya da ya tsayar da kaloli biyar, aka kuma sake gyara tsarin a 1969 zamanin Paparoma Bulus na shida. Kaga kenan al'ada ce da ikilisiya ta gina a hankali. Ni dai wannan bai rage mata daraja a idona ba, abin da aka yi ɗaruruwan shekaru ana tacewa don koyar da mutane ba abin rainawa bane.

Mu shiga shekarar. Adbent shine farko, kalmar daga Latin take, ma'anarta zuwa. Lahadi huɗu ne na jira, kuma jira iri biyu ake yi a lokaci guda, ana tuna yadda annabawa suka jira haihuwar Almasihu, ana kuma jiran dawowarsa. Shi ya sa karatun farkon Adbent kan ba mutane mamaki, kana tsammanin labarin jariri a komin dabbobi sai ka ji ana karanta maganar ƙarshen zamani da wa'azin Yahaya Mai Baftisma na a tuba. Kalar shunayya ce. A wasu majami'un Lutaran da Angilikan kuma shuɗi suke sawa, don su nuna cewa jiran Adbent na sa zuciya ne, ya bambanta da tuban lokacin azumi. Zoben ganye mai kyandir huɗu da ake kunna ɗaya kowace Lahadi shi kam sabon abu ne in aka kwatanta da sauran, wani fasto Bajamushe mai suna Wichern ne ya fara irinsa, da kyandirori da yawa, a birnin Hambog a 1839 don yaran da yake riƙo da suka dame shi da tambayar yaushe ne Kirsimeti.

Abin da ke damuna da Adbent shine yadda ake haɗiye shi. Tun Nuwamba an fara waƙoƙin Kirsimeti an rataye fitilu ko'ina, kafin ranar ta zo kowa ya gaji, 26 ga wata an tattara komai. A kalandar coci kuwa akasin haka ne, daren 24 ga Disamba ake fara murnar, sannan a ci gaba da ita kwana goma sha biyu har 6 ga Janairu, ranar Efifani, wato bayyanuwar Yesu ga al'ummai lokacin da masanan gabas suka zo da kyautai, Katolika ma sai an wuce idin baftismar Yesu suke rufe lokacin. Kusan duk tsawonsa fari ne ko ruwan gwal. Tsohuwar shaidar da ake da ita ta yin Kirsimeti ranar 25 ga Disamba daga Rum take, shekara ta 336. Wani abu kuma mai sa tunani, washegarin Kirsimeti, 26 ga wata, sai farin ya koma ja saboda Istifanas, shahidi na farko da aka jejjefe da duwatsu. Jiya ana murnar haihuwa yau ana tuna wanda aka kashe saboda wannan jaririn, ikilisiya bata bar mutum ya manta da tsadar abin ba ko na kwana biyu.

Daga nan sai ɗan gajeren lokacin kore, makonni kaɗan, wani lokaci huɗu wani lokaci har tara, ya danganta da inda Ista ta faɗo.

Toh nan ne lissafin yake ɗan rikitarwa. Kirsimeti a tsaye take, Ista kuwa yawo take yi, domin an ɗaure ta da wata kamar Idin Ƙetarewa na Yahudawa, wanda a lokacinsa aka gicciye Yesu. Kiristocin farko sun yi ta jayayya kan ranar, har sai da taron Nikiya na 325 ya ce kowa ya yi a rana ɗaya, ƙa'idar da ta zauna kuma itace Lahadi ta farko bayan cikar wata da ta zo ranar 21 ga Maris ko bayanta. Saboda haka Ista bata taɓa zuwa kafin 22 ga Maris, bata kuma wuce 25 ga Afrilu. Da zarar an san ranarta sai a ƙirga baya a samu farkon azumi, a ƙirga gaba a samu Fentikos, idin saukowar Ruhu Mai Tsarki. Rabin kalandar kenan yana motsi da ita.

Azumin, wanda ake kira Lent, Larabar Toka yake farawa. In ka ƙirga daga ranar zuwa Ista zaka samu kwana 46, ba 40 ba, dalili kuwa Lahadi shida da ke ciki ba a sa su a lissafin azumi, tunda kowace Lahadi ƙaramar Ista ce. Arba'in ɗin kuma daga kwanakin da Yesu ya yi a jeji aka ɗauko. Tokar da ake shafawa a goshi, ganyen dabinon bara ne ake ƙonawa, wanda aka yi ta kaɗawa ana hosanna da shi, sai fada ya shafa maka yana tuna maka maganar Farawa 3:19, cewa kai ƙura ne ga ƙura kuma zaka koma. A wannan lokacin ana daina rera Halleluya gaba ɗaya, ana rage furanni, kiɗa ma ana sassauta shi.

Shunayya ita ce kalar da ta fi ɗaukar hankalina, don tana ɗauke da ma'ana biyu da kamar basa haɗuwa. A duniyar da, rinin shunayya daga jikin wasu dodon-koɗin teku ake tatso shi a yankin Taya, sai an tara dubbai kafin a samu ɗan kaɗan, saboda haka sarakuna da manyan attajirai ne kawai ke iya sawa. Lidiya da aka ambata a Ayyukan Manzanni 16 sana'arta kenan, sayar da shunayya. To wannan kala ta sarauta ita sojoji suka yafa wa Yesu suna masa ba'a da kambin ƙaya, kamar yadda Markus 15 da Yahaya 19 suka faɗa. Shi ya sa in ka ga shunayya a bagade kana ganin sarki ne da kuma wulaƙancin da aka yi masa a ƙyalle ɗaya, kuma duhun kalar yana sa coci ta yi sanyi, ido ya huta, mutum ya koma cikin kansa. A wasu cocin Ingila basa ma sa kala a azumi, zanen lilin da ba a rina ba suke shimfiɗawa, mai kama da tsummoki.

Sai ruwan hoda, wanda sau biyu kacal yake fitowa a shekara, kuma ba dole bane. Lahadi ta uku ta Adbent da Lahadi ta huɗu ta azumi. Ana kiransu Gaudete da Laetare, duka biyun da Latin ma'anarsu ku yi farin ciki, ta farko daga Filibiyawa 4:4, ta biyu daga Ishaya 66:10. Shunayya ce aka ɗan surka da fari, kamar ana ce wa mai azumi ka yi haƙuri an ci rabi. Shine ma dalilin da yasa kyandir ɗaya cikin huɗun Adbent yake zama ruwan hoda.

Mako Mai Tsarki, wato makon ƙarshe kafin Ista, kam kaloli gudu suke yi. Lahadin Dabino, ta tuna shigar Yesu Urushalima, ja, Litinin zuwa Laraba shunayya, Alhamis da yamma fari saboda tuna kafa Jibin Ubangiji da wankin ƙafafun almajirai, sannan bayan sujadar a yaye komai daga bagade a bar shi tsirara, babu ƙyalle babu kyandir babu gicciye. Wanda ya taɓa tsayawa ya kalli wannan yayewar a cikin shiru ya san babu wa'azin da ya kai ta shiga jiki. Juma'a Mai Kyau kuma, ranar tuna gicciye Yesu, akwai tarihi a kalarta. Ɗaruruwan shekaru baƙi ake sawa, kalar makoki, sai gyaran 1969 ya mayar da ita ja a Katolika, Lutaran da yawa kuma har yau suna kan baƙi ko su bar bagaden haka nan. Na fahimci masu son baƙin, mutuwa ce aka yi ta gaske kuma bai kamata a yi saurin tsallake ta ba. Amma ni jan ya fi gamsar da ni, domin yana cewa wannan jini ne da aka bayar da son rai, kuma kala ɗaya ce da wadda ake sa wa shahidai, kaga an jera su a bayan Ubangijinsu kenan. Asabar babu komai, coci shiru, sai dare ya yi a hura wuta a waje a kunna babban kyandir na Ista a shigo da shi cikin duhu, kowa ya kunna nasa daga jikinsa, a dawo da Halleluya da aka ajiye tun Larabar Toka, komai ya koma fari.

Farin nan ba sai an yi dogon bayani ba, tufafin Yesu da suka yi fari fat a kan dutse, mala'iku a bakin kabari, taron da ke sanye da fararen riguna a Wahayi sura 7. Abin da mutane ke mantawa shine Ista kwana hamsin ce. Azumi arba'in, murna hamsin, da gangan aka sa murnar ta fi tsawo. Rana ta arba'in, Alhamis, ana tuna hawan Yesu sama, rana ta hamsin kuma Fentikos, sai ja ya dawo amma wannan karon da fuskar wuta, harsunan wuta da suka sauka kan almajirai a Ayyukan Manzanni sura 2. Wato ja jini ne kuma wuta ne, shi ya sa zaka gan shi ranar Bitrus da Bulus 29 ga Yuni, zaka kuma gan shi sau da yawa wajen tabbatar da matasa cikin bangaskiya. Paparoma ma in ya rasu da ja ake masa jana'iza.

Bayan Fentikos da Lahadin Triniti da ke bin ta sai dogon kore, kusan rabin shekara, daga wajen Yuni har ƙarshen Nuwamba. In aka haɗa shi da ɗan guntun na farkon shekara makonni 33 ne ko 34. Turawa suna ce masa lokacin yau da kullum, wasu cocin kuma suna ƙirga shi da Lahadi ta kaza bayan Triniti ko bayan Fentikos. Wannan shine lokacin da aka fi rainawa, babu idi babu toka babu kyandir, kujeru ma sun fi zama fayau. Amma a nan ne ake bin koyarwar Yesu sura bayan sura, misalai da warkarwa da wa'azin kan dutse, a tsarin karatu na shekara uku, Matiyu a shekarar A, Markus a B, Luka a C, Yahaya kuma ana saka shi musamman a lokacin Ista. In kana son sanin shekarar da ake ciki, duk shekarar da za a raba lambarta gida uku ba saura itace C, kamar 2025. Kore kalar tsiro ne, abin da ke girma a hankali ba tare da kowa ya ji motsinsa ba, kuma in mutum zai faɗi gaskiya yawancin rayuwar bangaskiya haka take, ranakun da babu wani abin mamaki sun fi yawa nesa ba kusa ba. Ina ganin hikima ce babba da aka ba wannan lokaci kaso mafi tsoka.

Baƙi kuwa bai ɓace gaba ɗaya ba, an yarda a sa shi a jana'iza da ranar 2 ga Nuwamba ta tuna matattu, sai dai yanzu shunayya ko fari sun fi yawa. Shuɗi a Katolika baya cikin jerin kowa da kowa, amma ƙasar Sifen da wasu ƙasashen da ta taɓa mulka suna da izinin sa shi ranar 8 ga Disamba don Maryamu.

Kada kuma a ɗauka duk Kiristan duniya haka yake yi. Otodoks, wato cocin gabas, shekararsu 1 ga Satumba take farawa, kuma basu da doka mai tsauri kan kala, abin da suka fi kulawa shine mai haske ko mai duhu. A Rasha ruwan gwal ne na yau da kullum, shuɗi na Maryamu, Fentikos kore suke sawa har su cika coci da ganye saboda Ruhu Mai Tsarki mai ba da rai, Ista kuma su fara da fari cikin dare sannan su koma ja. Kaga kala ɗaya, fassara daban. Lissafin Istarsu kuma da tsohuwar kalandar Juliyas suke yi, wadda ke bayan wadda aka gyara a 1582 da kwana 13, shi ya sa a 2024 yamma ta yi Ista 31 ga Maris su kuma sai 5 ga Mayu, a 2025 kuwa aka haɗu rana ɗaya, 20 ga Afrilu, daidai shekara 1700 da taron Nikiya. Dalilin kalandar ne ma yasa Rasha da Habasha da Kibɗawan Masar ke Kirsimeti 7 ga Janairu.

Sannan ga ɗimbin majami'u da basa amfani da kalolin sam, Baftis da Fentikostal da yawancin masu bishara. Wannan ya samo asali ne tun zamanin gyaran ikilisiya da aka ɓalle daga Katolika, lokacin da mabiyan malami Kalbin a birnin Jeniba suka ajiye rigunan suka koma baƙar riga ta malamai, suna tsoron kar ado ya janye hankali daga Maganar Allah. Angilikan ma sun daɗe da ajiye su, sai a ƙarni na 19 bayan yunƙurin Okasfod na 1833 na farfaɗo da tsoffin al'adun coci suka dawo da su, kuma da rigima sosai aka dawo da su, har da zuwa kotu. Tsoron nasu ba na banza bane, ana iya sa shunayya babu tuba a zuciya. Amma na lura ko cocin da bata san Adbent ba tana yin Kirsimeti tana yin Ista, wato tana riƙe da ginshiƙan, hanyar da ta haɗa su ce kawai ta ajiye. Amfanin hanyar kuwa shine tana hana mai wa'azi da jama'arsa su maƙale a ayoyin da suka fi so, dole a bi ta jeji a bi ta gicciye ko ana so ko ba a so.

Lahadi ta ƙarshe a shekarar itace ta Almasihu Sarki, idin da Paparoma Piyus na goma sha ɗaya ya kafa a 1925, lokacin da masu mulkin kama-karya ke tasowa a Turai, daga baya aka matsar da shi ƙarshen Nuwamba, Angilikan da Lutaran da Metodis da yawa kuma suka karɓe shi. Ranar fari ake sawa, Litinin a koma kore na kwana shida na ƙarshe, ranar Asabar da yamma masu kula da bagade su naɗe koren su ajiye, su fito da shunayya da kyandir huɗu sababbi.